Maƙeran adaka: Rajista ta fi kame amfani

A fadar Katsina, 'yan bindiga su ne masu cika adaka da albarushi su harba sama ranar hawan sallah. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kuwa, wannan suna ya koma kan waɗanda ke hana manomi zuwa gona, irin waɗanda suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020.

Tsakanin ma'anonin biyu maƙerin gargajiya ya maƙale. Sana'arsa ta gado ce: da zuga-zugi, uwar maƙera da guduma yake ƙera bindigar da ake ɗurawa ta baki, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. Maharba ne abokan cinikinsa na asali. Da tsaro ya taɓarɓare, sai manoma da 'yan sa-kai suka shigo layi, musamman bayan da tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya shawarci jama'a a 2021 su nemi makamai su kare kansu.

Amma dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ba. Wane maƙerin ƙauye ne zai iya kai takarda Abuja? Sakamakon haka aikin ya koma ɓoye, inda babu mai tambayar wa ya saya.

Masu cewa a rufe maƙerun suna da hujja: hannun da ya iya adaka zai iya koyon abin da ya fi ta muni, kuma an sha zargin 'yan sa-kai da kisan gilla. Sai dai ɗan ta'addan daji AK-47 yake riƙewa. Kama maƙeri ba ya rage masa ko harsashi ɗaya.

Abin da ya dace shi ne gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, ta haɗa kai da rundunar 'yan sanda a yi wa maƙeran rajista ta hannun sarakunan maƙera da hakimai. Kowace bindiga a buga mata lamba, a rubuta sunan mai saye da shaidar mai unguwarsa. Wanda ya tsallaka zuwa ƙera bindiga mai cin harsashi, doka ta hau kansa.

Maƙerin da hukuma ta san ƙofar gidansa zai yi tunani sau biyu kafin ya sayar wa baƙon fuska.