Masu "to meye amfaninsa?", ku matso mu yi maganar leza

1/ Duk sanda aka saka labarin wani binciken kimiyya a nan, kafin ka ƙifta ido wani ya diro a kwament: "To meye amfaninsa? Zai sauke kuɗin shinkafa?" Sai a bi shi da dariya kamar ya kawo wata hujja. Tambayar nan ta ishe ni wallahi. Yau da ita zan yi, kuma leza ce shaidata. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ga matsayata tun farko, kada a ce ina kewaye-kewaye. Wanda ya tsaya a kan sabon bincike yana cewa sai an nuna masa amfaninsa yau-yau, daidai yake da wanda ya je gidan suna yana tambayar nawa ne albashin jaririn.

3/ Leza haske ne da aka sa shi tafiya a jere, launi ɗaya, hanya ɗaya, ba ya warwatsuwa irin na tocila. Einstein ne ya rubuta ka'idar da ta haife ta a 1917. Lissafi ne kawai a takarda. Sai ranar 16 ga Mayu 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko a Kaliforniya. Shekara 43 kenan.

4/ Ko da ya kunna ɗin ma bai tsira ba. Mujallar farko da ya kai wa rahoton ƙin bugawa ta yi, sai Nature ce ta karɓa. Har a cikin masana ana yi wa abin ba'a, wai magani ne da ke yawon neman cuta. Kun ga 'yan "meye amfaninsa" tsohon zance ne, ba ku kuka fara ba.

5/ To yanzu kai da kake dariyar, da me kake karanta zaren nan? Saƙonka in zai tsallaka teku, ƙananan leza ne ke kyafta shi cikin zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa. Ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin nan suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa: intanet ya rikice daga Ghana har Najeriya, manhajojin banki suka yi ta wahalar da mutane.

6/ Wannan leza ta yau da kullum kenan. Wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce mai tsananin sauri, wadda ba ta haskawa a miƙe, walƙawa take yi ta ɗauke. Ma'auninta femtosakan. Ka raba daƙiƙa ɗaya gida biliyan, ka ɗauki kashi ɗaya, ka sake raba shi gida miliyan. Shi ne femtosakan ɗaya.

7/ Kan ya ɗauki zafi ko? Ga wata hanya. Haske a daƙiƙa ɗaya yana zagaye duniya sau bakwai da ɗoriya. A femtosakan 100 kuwa, ko kaurin silin gashin kanka ba zai gama tsallakewa ba.

8/ Me ya sa ake son gajarta haka? Saboda ƙarfi shi ne makamashi a raba da lokaci. In ka matse makamashi kaɗan cikin lokaci ƙanƙani, sai ƙarfin ya yi tashin gwauron zabo. Matsalar ita ce kafin 1985, in ka ƙara wa irin wannan walƙiya ƙarfi, na'urar da ke ƙara mata ƙarfin take fara lalatawa.

9/ Nan wata ɗalibar digiri na uku 'yar Kanada, Donna Strickland, da malaminta Bafaranshe Gérard Mourou suka shigo, a Jami'ar Rochester ta Amurka. Dabararsu mataki uku ce, kuma daga fasahar rada suka aro ta: a miƙe walƙiyar ta yi tsawo, a ƙara mata ƙarfi, sannan a sake matse ta.

10/ Kamar garken shanu ne da ƙofar shinge. In suka taho gaba ɗaya za su ɓalle ƙofar. Sai ka jera su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta wuce ta ci ta ƙoshi, sannan ka sake haɗa su a waje guda. Zaren gilashi mai tsawon kilomita 1.4 Strickland ta yi amfani da shi wajen jera hasken.

11/ Rahoton ya fito a Disamba 1985. Shi ne na farko da ta taɓa wallafawa, tana da shekara 26. Da wani daga cikinku ya tare ta ranar ya ce "Malama, wa wannan zai warkar?", babu sunan asibiti ko ɗaya da za ta iya kira masa. Da ku ne masu rabon kuɗin bincike, a nan za ku rufe mata famfo.

12/ Ku ji yadda amfanin ya zo. A 1993, a ɗakin binciken Mourou da ke Jami'ar Michigan, hasken irin wannan leza ya sami wani ɗalibi a ido bisa tsautsayi. Likitan da ya duba shi, Ron Kurtz, ya lura da wani abu: raunin tsaf yake, naman da ke gefensa bai ƙone ba.

13/ Dalili kuwa, walƙiyar na gama aikinta ta ɗauke kafin zafi ya samu damar yaɗuwa. Daga wannan lura aka kafa kamfanin IntraLase a 1997, kuma a farkon shekarun 2000 aka fara yanka fatar gaban ido da haske a madadin aska. Miliyoyin mutane sun ajiye tabarau ta wannan hanya.

14/ Ku nuna min kwamitin da zai iya rubuta wannan a takardar neman kuɗi tun 1985. Wa zai ce "ku ba mu, nan da shekara takwas wani zai ji ciwo a ido, daga nan a samu sabuwar tiyata"? Abin da ya sa tsautsayin ya zama alheri shi ne na'urar tana nan, kuma masu gane abin da suka gani suna nan.

15/ Da irin lezar nan ake yanka gilashin fuskar waya ba tare da ya tsage ba, da ita ake sassaƙa 'yar ragar da ake sa wa a jijiyar zuciya in ta toshe. Nobel kuwa sai 2018 ta zo, bayan shekara 33. Strickland ce mace ta uku da ta samu a fannin fiziks, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert-Mayer a 1963.

16/ Abin dariya abin haushi: a watan Mayu na 2018 ɗin, wani edita a Wikipedia ya ƙi amincewa da shafin da aka rubuta a kanta, wai ba a nuna ta shahara yadda ya kamata ba. Wata biyar bayan haka aka kira sunanta a Stockholm. Cuta ɗaya ce da taku: abin da bai yi ƙara ba, ba a ƙirga shi.

17/ Ba ita kaɗai ba. Anne L'Huillier ta ga wani baƙon haske na fitowa daga iskar gas da aka harba wa leza a 1987. A 2001 Pierre Agostini da Ferenc Krausz suka fitar da walƙiya ta attosakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na femtosakan. Nobel a 2023. Shekara 36, kuma kiran ya same ta tana tsaka da koyarwa.

18/ Yanzu ga wadda aka fi yi wa ba'a. A Magurele, kusa da Bukarest ta Romaniya, akwai leza da ta kai fetawat 10 a 2019. Wat 1 ne da sifili 16 a gabansa. Ya ninka duk wutar lantarkin da duniya ke samarwa fiye da sau dubu. Sai ka ji an ce "su ba mu wutar mana tunda ta yi musu yawa." 😂

19/ Haba malam, koma lamba 8. Makamashin da ke cikin walƙiyar kusan jul 250 ne, abin da ƙwan fitila mai wat 10 zai sha a daƙiƙa 25. Matse shi aka yi cikin kusan femtosakan 25. Ko shayi ba zai tafasa maka ba. Aikinsa shi ne fizgar ƙwayoyin zarra da gudu a tazara 'yar kaɗan, don a ga halinsu.

20/ Can ɗaya gefen kuma ana ta ƙanƙantar da ita. An daɗe ana ganin leza ba za ta iya gaza kusan rabin tsawon zangon haskenta ba. A 2003 David Bergman da Mark Stockman suka kawo shawarar kewaye wannan iyaka da ƙarfe. A 2009 masu bincike a jami'o'in Norfolk State da Purdue da Cornell suka ba da rahoton wata mai faɗin nanomita 44.

21/ Sama da dubu irinta za su jeru a kaurin gashi ɗaya. Burin shi ne wata rana haske ya riƙa kai saƙo a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a madadin wayoyin tagulla masu zafi da shan wuta. An kai can? Tukuna. Ƙarfen yana shanye hasken ya mai da shi zafi, kuma har yau da wannan ake kokawa.

22/ Kafin ka ce "ka gani ko!", ga wata. Kenichi Iga na Japan ya zana wata 'yar leza mai harba haske daga fuskarta a 1977. Shekaru ta yi a ɗakin gwaji. A 2017 ta bayyana a goshin iPhone X, tana fesa ɗigo 30,000 a fuskar mutum don ta gane shi. Shekara 40. Wasunku da ita suka buɗe waya suka zo yin ba'ar.

23/ Don adalci, masu zuzutawa ma ban ƙyale su ba. A Disamba 2022 cibiyar NIF ta Amurka ta harba megajul 2.05 na leza ta samu 3.15, aka cika ko'ina da "wuta kyauta ta zo". Ba a faɗa muku na'urar ta ja kusan megajul 300 daga layin wuta ba, kuma babban aikin cibiyar kula da makaman nukiliya ne.

24/ Mai zuzutawa da mai rainawa jirgi ɗaya ya kwaso su. Dukansu so suke a ba su sakamako kafin la'asar.

25/ Na san hujjarku mafi ƙarfi: mai jin yunwa ba ya jiran shekara 33. Gaskiya ne, kuma ban ce ƙasar da asibitinta ba magani ta je ta gina fetawat 10 ba. Bincike da yawa ma yakan mutu bai haifi komai ba. Amma tunda ba mai iya tantance mai haihuwa tun ranar farko, wanda ya ƙi shuka gaba ɗaya sayen hatsi zai yi ta yi a hannun wanda ya shuka.

26/ Kuma ba kowane aiki ne ke son ginin ɗaruruwan miliyoyin yuro ba. Gwajin Strickland a kan teburi aka yi shi. A Pretoria ta Afirka ta Kudu, Sandile Ngcobo da Andrew Forbes sun fito da lezar da ake canza siffar haskenta ta kwamfuta a 2013, a cibiyar bincike ta gwamnati.

27/ Ku dubi Ahmed Zewail. A Masar aka haife shi, a Jami'ar Iskandariya ya yi digiri. Amma aikin da ya ba shi Nobel a 1999, na kallon yadda sinadarai ke haɗuwa da rabuwa cikin femtosakan, a Caltech ya yi shi. Can ne aka yarda a saya masa kayan aiki a jira. Muna alfahari da sunansa, su kuma ɗakin gwajin da ɗaliban suna wajensu.

28/ Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inda ba'ar nan take sauka. Bature a Rochester bai san kana yi ba. Ƙanwarka da ta ce tana son fiziks ita ke ji, da ƙaninka da aka ce wa "lissafin za ka ci?" har ya canza kwas. Kullum muna kukan komai sai mun sayo daga waje, kuma da bakinmu muke korar masu iya ƙerawa.

29/ In tambaya kake son yi, akwai masu kyau. Wa ke biyan kuɗin binciken? In ya yi nasara, wa zai mallake shi? Alƙaluman da aka faɗa, me aka ɓoye a bayansu? Yaranmu a ina za su koyi wannan? Waɗannan ko masu binciken kansu sai sun yi gumi kafin su amsa.

30/ Wanda bai yarda ba, kwament a buɗe yake, ina nan. Sharaɗi ɗaya ne: fara da gaya mana shekarar da ya kamata a ce an dakatar da aikin da Strickland da Mourou suka fara. 1985, da ba asibitin da ya san da shi? Ko 1992, saura shekara ɗaya likitan ido ya gani? Zaɓi ɗaya, sai mu ɗora daga nan.