Google: Malami Ne Ko Dillali?

Bahaushe kan ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan karin magana ya kamata mai karatu ya tuna da shi duk sa'ad da ya jefa wa Google tambaya, aka ba shi amsa nan take, ba a nemi ko kwabo daga gare shi ba. To, tun da ba mu ne ke biya ba, wane ne ke biya? A ganina amsar tana ga sana'ar da kowa ya sani a kasuwanninmu, watau dillanci.

Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa wannan kamfani a 1998. A shekarar 2000 ya soma sayar da gurbin talla kusa da sakamakon bincike. A 2024 uwar kamfanin, Alphabet, ta sami kimanin dala biliyan 350, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na wannan dukiya daga talla ya fito. Ragowar ta zo ne daga hayar manyan kwamfutoci ga kamfanoni, da kuɗin rajista, da cinikin wayoyi.

Ga yadda cinikin yake. Alal misali mutum ya rubuta yana neman takalmi. Kafin ƙiftawar ido an yi gwanjon wannan kalma tsakanin masu takalma. Akan duba wanda ya fi tayi da kuma dacewar tallarsa, sai a ɗora shi bisa kan jerin amsoshi. Idan mai neman ya danna tallar, mai kaya ya biya la'ada. Ashe ke nan hankalinmu shi ne hajar da ake tayawa. A YouTube ma, wanda Google ya saya a 2006, talla ce jigon ciniki.

Don kada masu tambaya su karkata wani wuri, kamfanin kan kashe maƙudan kuɗi. A 2022 kaɗai ya biya kamfanin Apple dala biliyan 20 domin ya zama shi ne ƙofar bincike ta farko a na'urorinsa. A watan Agusta na 2024 wani alƙali a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a wannan kasuwa ta hanyar da ta saɓa wa doka. Abin mamaki ma, tun a 1998 Page da Brin da kansu suka yi gargaɗi a wata maƙala cewa injin bincike da ke rayuwa da talla zai karkata ga masu tallar.

Ba na musun amfanin wannan dillali. Ya kawo ilmi har cikin ɗakin talaka, ya kuma sanya Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013. Amma fa dillali ya san wanda ke ba shi la'ada. Darajar kalma a wurin gwanjo tana bin nauyin aljihun masu furta ta, don haka harshen da masu talla ba su rububinsa ba zai sami kulawa irin ta Ingilishi ba.

Saboda haka nauyi biyu ya hau kanmu, mu ɗaliban Hausa. Na farko, mu koya wa jama'a rarrabe talla da amsa, kada su ɗauka duk abin da ya zo a sama shi ya fi gaskiya. Na biyu, mu daina jiran wani kamfani ya raya mana harshe. Injin bincike ba ya nuna sai abin da aka rubuta. In ba mu zuba tarihinmu da adabinmu da nahawunmu a intanet da hannunmu ba, jikokinmu za su yi tambaya da Hausa, a amsa musu da harshen wasu.