Rubu'in shekara: lissafin kwamfuta da kasuwar raguna

Kalmar rubu'i daga Larabci ta zo, ma'anarta ɗaya bisa huɗu, kuma ita ta fi dacewa da watanni ukun da ake kasa shekara a kansu. Wasu kan ce zango, amma zango ya riga ya ɗauki kaya: akwai zangon karatu, akwai kuma masaukin fatake, irin su Zangouettin a Wagadugu, unguwar da aikin ZACA ya rushe a 2003.

Fitar da rubu'i daga kwanan wata a rumbun bayanai ba shi da wuya. MySQL na da umarnin QUARTER, a PostgreSQL kuwa da EXTRACT ake yi. SQLite ba ta da nata, sai a koma ga lissafi: a ƙara 2 a kan lambar wata, a raba da 3, a yar da ragowa. Mayu wata ne na 5. 7 a raba da 3 ya ba da 2, wato rubu'i na biyu.

Sauƙin nan shi ne tarkon. Kwamfuta tana ɗauka cewa kowace shekara daga Janairu take farawa. Ga baitulmalin Burkina Faso hakan daidai ne, domin shekarar kasafinta ke nan. Ga dillalin raguna kuwa ba haka ba ne, don kasuwarsa wata take bi, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. A 2022 Babbar Salla ta faɗo a farkon Yuli, cikin rubu'i na uku. A 2023 ta dawo ƙarshen Yuni, cikin na biyu. Duk wanda ya jera rubu'i na uku na shekarun biyu zai rantse cewa ciniki ya mutu, alhali Layya ce kawai ta matso. Mai ba da bashi da ya gaskata wannan jadawali yana iya hana mutum jari a kan laifin da bai yi ba.

Saboda haka kafin a rubuta umarni, wajibi ne a tambayi mai dukiya daga ina shekararsa take farawa. Idan da Salla yake auna riba, a buɗe wa watan Hijira gurbinsa a rumbun, a kasa ciniki a kansa. Kuma kada a ware rubu'i ba tare da shekararsa ba. In ba haka ba, Yunin 2022 da na 2023 za su zube a ƙwarya ɗaya.