Takalmin Gudu: A Bar Ƙafa Ta Zaɓa



Tun da likita ya ce in rage teɓa nake fita sassarfa bayan sallar asuba a nan Damagaram. Mako 3 da farawa sai dunduniyata ta dama ta ƙi. In na sauko daga gado, takun farko kamar na taka ƙusa. In na ɗan zagaya sai ya lafa, kafin a tashi daga aji ya dawo. Likita ya ce jijiyar nan mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu ce ta wahala, kuma ya ce in kawo takalmin ya gani. Na gwanjo ne, jaka 4 na saye shi, fes kamar sabo.

Ashe abin da ke kare ƙafa daga taurin ƙasa shi ne soson da ke tsakiyar gindin takalmi. Soson nan yakan mutu bayan gudun kilomita 500 zuwa 800, alhali saman yana ƙyalli. Nawa, mai shi na farko ya riga ya cinye shi, har ya karkace irin takunsa.

Ban ce a bar gwanjo ba, na san iyakar albashinmu. Amma ka je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Ka ajiye takalmin a kan tebur. In ya jirkice gefe guda, bar shi. Ka lanƙwasa shi: wajen yatsu ya kamata ya lanƙwashe, ba tsakiya ba. Ka matsa bayansa ka ji da ƙwari. Ka sa duka biyun ka taka, a sami sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba. In mai kaya ya ce "zai buɗe, Malam", kada ka yarda. Mai ciwon sukari kuwa ya shafa cikinsa da hannu, don ɗinki ɗaya na iya yi masa rauni bai ji ba.

Wani abokin aikina ya yi mini ba'a, wai ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun famfalaki a Rum a 1960. Haka ne. Sai dai shekararsa 28 a lokacin, ba teɓa, kuma da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalminsa.

Ni dai na canza nawa. Dunduniyar ba ta gama hucewa ba, don haka tafiya nake yi tukuna.