Kafin ka biya kuɗin fom, ka duba tagar ajin

Makonni kaɗan da suka wuce na raka ƙanena yankar fom a wani wurin horo da ke saman bene, bayan Kasuwar Singa. Yaron shago ne, shekararsa ta uku yana lodin katan-katan na taliya da buhunan sukari, yanzu maigidansa yana so ya koyi lissafin kaya a kwamfuta. Mun hau, muka tarar da ɗaki ɗaya cike da matasa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da kwali saboda hayaniyar 'yan dako da ƙarar tireloli. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. A layin baya wani yana ta tari, idonsa jawur. Na ce masa, "Abokina, ai da ka huta a gida." Ya ce, "In na yi fashi uku babu satifiket, kuma ba a mayar da kuɗi."

Wannan amsar ce ta sa na yi rubutun nan.

Mu Kanawa bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya sanar da kulle jihar baki ɗaya na mako biyu. A watan nan ne muka riƙa jin rasuwar dattawa ɗaya bayan ɗaya, har ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwa 979, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar. Duk wanda cinsa yake a Singa ko Sabon Gari ya san yadda kwanakin nan suka kasance: shago a rufe, kaya a jibge, gida babu cefane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, mu kuma muka ɗauka an rufe babin annoba ke nan. Bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofar makarantu suka koma na wanki. Alhali tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Shi ma ta tari da atishawa yake yaɗuwa. Ga sanƙarau da ke zuwa mana a lokacin rani da zafi, wanda yake son cunkoso da ɗakin da iska ba ta zagayawa. Waɗannan cututtuka ba sa jiran sai an yi sanarwa a rediyo.

Na san abin da wasu za su ce a Facebook: ai a kasuwar ma cunkoso ake yi, me ya bambanta aji? Bambancin yana nan. A kasuwa kana waje, iska na kaɗawa, mai saye ya zo ya wuce cikin minti biyar. A aji kuwa awa biyu ko uku kuke zaune a rufe, kuna shaƙar numfashin juna, kullum mutane ɗaya. Daga nan kowa ya koma shagonsa, ya hau adaidaita sahu, ya je gidan da akwai kaka da jarirai. Singa kuma kasuwa ce da ake zuwa sari daga jihohi da yawa har da Nijar. Abin da ya fita daga ɗakin nan, nisan tafiyarsa sai Allah.

Wasu kuma za su ce komai ƙaddara ce. Gaskiya ne. Amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa daga hanya, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

Ga masu wuraren horo, ba wani abu mai tsada nake roƙo ba. A buɗe taga da ƙofa ko da hayaniya za ta shigo. A ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. In ɗalibai sun yi wa ɗaki yawa, a raba su safe da yamma. Mafi girma duka, a gyara dokar fashi. Wanda zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi, a ba shi damar rama darasin da ya wuce shi, ko a tura masa ta WhatsApp. Dokar da ke hana marar lafiya satifiket ita ce ke jawo shi aji ya shafa wa kowa. In aji ya kwanta, malam ma ya yi asara.

Mu matasa kuma namu aikin ba ƙarami ba ne. Muna tambayar kuɗin fom, muna tambayar ko za a ba da jari bayan an gama, amma ba ma tambayar me zai faru in mun yi rashin lafiya. Ka tambaya kafin ka biya, kuɗinka ne. In kana mura kuma dole ka je, saka takunkumi, bar su su yi ta tsokanarka da "ɗan korona". In ka ji maƙogwaro na ciwo da zazzaɓi, wuya ya kumbura, asibiti za ka nufa, kada ka tsaya a kyamis. Ka kuma duba ko ƙannenka sun kammala allurar rigakafi, domin mashaƙo ya fi kama waɗanda ba a yi wa ba.

Ƙanena dai ya yanki fom ɗin, amma sai da muka zauna da mai wurin. Ya cire kwalin tagar a gabanmu. Maganar fashi kuwa ya ce zai duba, ni kuma na ce zan dawo.