Motar da za ta dawo da kai gida: shawara ga mai neman ta hannu don hanyoyin Isa da Sabon Birni

A watan jiya wani abokina, jami'in lafiya da ke aiki a Sakkwato, ya turo mini hotunan motoci uku. Mahaifiyarsa na zaune a wani ƙauye a yankin Sabon Birni, ta ƙi baro gida, ga hawan jini. Yana neman motar da za ta iya zuwa ta ɗauko ta ko da a tsakiyar damina. Hoton farko Range Rover ce mai sheƙi, wadda dillali ya ce an karyar mata da kuɗi. Na biyu Toyota Highlander ce 'yar Beljiyam. Na uku tsohuwar Prado ce da rana ta cinye fentinta. Na ce ya ɗauki ta ukun idan ta ci jarrabawar bakanike, sai ya ga kamar na raina masa arziki. Ina ganin dalilaina za su amfani duk wanda aiki ko zumunci ke kai shi gabashin jihar nan.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: a wannan yanki, nagartar mota tana ga tsawon lokacin da za ta ajiye ka a bakin hanya idan ta lalace, da kuma yawan idanun da ke binta idan tana tafiya. Ƙarfin inji da sanyin kujera suna biyo baya.

Abin da hanyar ke nema

Ƙasar Gobir ƙasar gulabe ce. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk a Rima suke zubawa, shi ya sa da zarar ka sauka daga kwalta za ka haɗu da abu biyu. Da rani rairayi ne mai zurfi a tudu da mashigan ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa laka ce ta fadama, wadda ke riƙe taya kamar ƙaro.

Ga kuma abin da kowa ya sani. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, ta umarci matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. A watan nan kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar. A Disambar wannan shekara aka ƙona matafiya cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansu. A kan hanyar Kano zuwa Zariya, mutuwar famfon mai ɓacin rai ne da asarar yini. A kan waɗannan hanyoyi, awa uku a tsaye bayan la'asar magana ce ta rai. Wannan ne ya sa ma'aunin mai saye a nan ya bambanta da na mai saye a Abuja.

Ba kowace jif ba ce motar daji

A kasuwa, duk mota mai tsayi jif ake ce mata, alhali kashi biyu ne. Highlander da RAV4 da Honda CR-V an gina su ne a kan tsarin ƙananan motoci. Wasunsu ma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Waɗanda ke jan ƙafa huɗu kuma ba su da giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzileri. Hilux da Prado da Land Cruiser da 4Runner suna zaune ne a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa, kuma waɗanda aka ƙera don daji suna da wannan giya. A motocin Toyota tana ninka ƙarfin juya taya kusan sau biyu da rabi, ta yadda mota za ta fita daga taɓo a hankali ba tare da ƙona kuloci ko dafa giyabos ba.

Kada sunan mota ya ruɗe ka. Akwai Hilux da 4Runner da yawa a Najeriya masu jan ƙafafun baya kawai. Nemi ƙaramar sandar giya ta biyu, ko makunni mai rubutun 4L, sannan ka leƙa ƙarƙashi ka tabbatar farfelar gaba tana nan. Wasu kanikawa kan cire ta idan ta fara ƙara, su bar mai mota da suna kawai.

Bakanike ne zai zaɓa maka

Kafin ka je wurin dillali, je garejin da ya fi kusa da inda za ka riƙa zuwa, ka tambayi bakaniken wace mota yake iya kwancewa ya ɗaure ba tare da ya kira kowa ba, kuma kayan wace mota ke isowa daga Sakkwato a yini ɗaya, wanne ne sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Amsarsa ta fi duk wani bidiyon talla.

A nan ne Range Rover ɗin abokina ta faɗi. Irin waɗannan motoci a kan jakunkunan iska suke tsaye maimakon sifirin, kuma kwamfuta ce ke sarrafa kusan komai a cikinsu. Idan jaka ɗaya ta fashe a Gatawa, sai dai a nemi motar da za ta ɗauko ta. Arhar da dillali ke yabo, tsoron kuɗin gyara ne ya jawo ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Idan za a bi tawa, ga jerin. Na farko Hilux ta tsakanin 2005 da 2015 ko Prado ta tsakanin 2002 da 2009, masu injin fetur na lita 2.7. Inji ne marar gudu, amma mai haƙuri, kuma ya cika ƙasar nan saboda hukumomi da kamfanoni sun daɗe suna sayensa, don haka kayansa ba sa wuya. Na biyu 4Runner 'yar Amurka, wadda injinta na V6 ya fi ƙarfi, ya kuma fi shan mai. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya duba Nissan Xterra ko Pathfinder, da sanin cewa a samfurin 2005 zuwa 2010 an san lagiretonsu da zubar da ruwa cikin man giyar otomatik, abin da ke kashe giyabos ɗungurungum. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ke ƙerawa tun 1984, ita ce sarauniyar wannan fage. Land Cruiser da Hilux ne sojojin Chadi suka hau suka fatattaki tankokin Libiya a 1987, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin ma'aikacin albashi.

Game da mai, na fi karkata ga fetur. Tsofaffin injinan dizal irin 1HZ da 5L suna jure wahala, amma na zamani masu allurar feshi ta kwamfuta ba sa yafe gurɓataccen mai. A yankin da aka taɓa hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kamar yadda Kwastam ta yi a Nuwamban 2019, wata rana dole ka sha na 'yan bumburutu.

Motar da ba ta jan ido

Wannan ne abin da masu ba da shawarar mota daga nesa ba sa lissafawa. Sabuwar Hilux fara, a idon mai leƙe daga cikin daji, ta jami'an tsaro ce ko ta gwamnati. Baƙar jif mai duhun gilashi kuwa ta babban mutum ce, wanda danginsa za su iya tara kuɗin fansa. Ban ce tsohuwar mota laya ba ce, domin an sha tare motocin haya cike da talakawa. Amma babu hikima mutum ya biya miliyoyi don ya yi wa kansa shela. Bar fentin yadda rana ta bar shi, ka kashe kuɗin a ƙarƙashin mota.

Ranar duba mota

Je da bakanikenka, kada ka yarda da na dillali. Je da sassafe, inji na sanyi, domin a lokacin ne hayaƙi da ƙara ke tona asiri. A ɗaga motar a ƙwanƙwasa shasi: motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, gishirin da ake zubawa a titi kan ci ƙarfensu, wasu kuma a shafe tsatsar da baƙin fenti. A ɗaga kafet a nemi busasshiyar laka, alamar motar da ambaliya ta taɓa shanyewa. A duba baƙin mai. Idan ya yi launin shayi da madara, ruwa na shiga inji. A fita da ita kan rairayi a sa giyar taimako, a ji ta shiga ta kuma fita. A kan kwalta ba a gwada wannan, domin yana lalata ta. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Sai takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce ta biyo ta Kwanni ko Maraɗi da arha mai ban mamaki na iya zama ta fasa-ƙwauri. A gwada lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da wadda ke kan takardar Kwastam, a kuma tabbatar da takardar a ofishinsu kafin a biya ko sisi.

Kada ka zuba duk abin da ka tara

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan gyara sun bi ta. Shawarata ita ce kashi biyu cikin uku na kuɗinka su tafi ga motar, kashi ɗaya ya zauna don tayoyi biyar masu kauri, lagireto, shakazoba, batir, canjin duk mayuka, da shebur, igiyar ja da famfon iska. Rage iskar taya kafin shiga rairayi yana fitar da mota inda ƙarfin inji ya kasa, amma sai kana da abin mayar da iskar.

Wani zai ce duk wannan shawara ce ga masu hali, alhali mafi yawan mutanen Isa da Sabon Birni babur da tsohuwar Golf ne ƙafarsu. Gaskiya ne. Kuma babu motar da za ta maye gurbin kwalbatin da ruwa ya cinye ko hanyar da hukuma ta kasa tsarewa. Wanda ya samu halin sayen jif bai kamata ya daina tambayar gwamnati waɗannan ba. Amma mai jinya ba ta jiran a gama kwangila.

Abokina ya sayi Pradon. Bakanike ya gano boris ɗin gaba ya tafi, lagireto kuma ya toshe rabi, aka rage kuɗin gyaran daga ciniki. Har yanzu yana kiran 'yan'uwansa na ƙauye ya ji labarin hanya kafin ya tashi, kuma ba ya barin azahar ta same shi bai juyo ba.