Raddi Ga Masu Ɗaukar Lezar Eksire Tamkar Wutar Maƙera

Idan aka harbi fuskar ƙarfe ko gilashi da gajeriyar walƙiyar lezar eksire, rami kan bayyana a wurin, sau da yawa bakinsa sumul kamar an zana da aska. Bayanin da ya fi yawo a bakin ɗalibai shi ne wai aikin maƙera ne, sauri kawai aka ƙara: haske ya zama zafi, zafi ya narkar, narkakke ya tafasa ya tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban maƙeri a kasuwar Madawa, ya ga ruwan fartanya yana ja sannu a hankali ana bugun zuga-zugi, maganar za ta kwanta masa. Sai dai hujjojinta ba sa jure awo.

Hujjarsu ta farko ita ce zafi zafi ne, daga gawayi ya fito ko daga haske. Lokaci suka manta. Injin FLASH na Hambug, wanda aka buɗe wa masu bincike a 2005, da LCLS na Kalifoniya da ya fara aiki a 2009, suna fitar da walƙiya mai tsawon femtosakan gommai. A raba daƙiƙa gida miliyan dubu, a sake raba kowane gida miliyan, shi ne femtosakan ɗaya. Cikin femtosakan 25 haske kansa ba ya cin mikromita 8, abin da bai kai kaurin gashi ba, alhali atom a cikin daskararren abu yana bukatar wajen femtosakan 100 kafin ya kaɗa sau ɗaya. Ƙwayar hasken eksire kuwa ba atom ɗin take turawa ba. Ilektiron take fizgewa daga can cikinsa, wani ya faɗo gurbin, rarar ƙarfin ta cillo na uku waje, abin da ake kira da sunan Pierre Auger. Waɗannan su bazu suna karo da wasu. Walƙiya takan wuce ilektiron suna da zafin dubban digiri, atom kuma suna nan da sanyinsu, labari bai ma iso musu ba. Tun 1974 Anisimov da abokan aikinsa suka tsara lissafin zafi biyu a abu ɗaya, kuma miƙa zafin daga ilektiron zuwa atom kan ɗauki fikosakan, wato femtosakan dubu, ko fiye. A maƙera babu wannan rabuwa.

Ta biyu, suna cewa zafin daga sama yake farawa ya ratsa ciki. Wannan ne dalilin da ya sa maƙeri ke riƙe awartaki, amma ko a jan ƙarfe, mai saurin ɗaukar zafi, nanomita kaɗan zafi ke ratsawa cikin femtosakan 100. Zurfin ɓarnar ya danganta ne ga inda abin ya shanye hasken da nisan da ilektiron suka yi gudu. Eksire mai ƙarfin kilo-ilektironbolt 8 yana shiga silikon wajen mikromita 70, ya ajiye ƙarfinsa sama da ciki lokaci guda.

Ta uku ita ce ginshiƙin ra'ayin: abu ba ya narkewa sai atom ɗinsa sun yi zafi. A silikon da daimon, ilektiron ne igiyar da ke ɗaure atom da maƙwabcinsa. Idan aka tumɓuke kusan kashi ɗaya cikin goma na waɗannan, ɗaurin ya saki, tsarin ya rushe cikin femtosakan ɗaruruwa, tun kafin zafi ya iso. Rumfa ce aka zare wa dirkoki, ba wuta ta ci ta ba. A 2017 aka ba da rahoton gwajin da aka yi da injin FERMI kusa da Tiriyesta a Italiya, inda daimon ya rikiɗe ya zama irin baƙin da ke cikin fensir cikin abin da bai kai femtosakan 200 ba. A nan dai akwai gaskiya kaɗan a hannunsu, domin a yawancin ƙarafa sai atom sun karɓi zafin suke narkewa. Ko a can ma matsin da ke taruwa kafin abin ya samu damar kumbura yakan ɓamɓare fatar sama tun ba ta tafasa ba.

Ta huɗu, suna ɗauka abin yana shan haske yadda ya saba har ƙarshe. A 2009, a FLASH, an haska siririn alminiyum da ƙarfin da ya kwashe ilektiron na ciki daga kusan kowane atom, sai ya rasa abin shan hasken, ya bar shi yana wucewa na ɗan lokaci kamar gilashi. A 2012 kuma, a LCLS, an kai alminiyum wajen digiri miliyan 2 yana nan a cushe kamar daskararre, don bai samu lokacin watsewa ba.

Da maganarsu ta tabbata, da hoton abin da ake ƙonawa ba zai ɗauku ba. A 2006 Henry Chapman da tawagarsa suka sassaƙa ɗan zane, mutum biyu da rana, a jikin siririyar fatar silikon naitirayid, suka harbe ta da walƙiyar femtosakan 25. Fatar ta kai wajen digiri 60,000 ta tarwatse, amma hasken da ya warwatsu daga jikinta ya riga ya fita, kuma daga shi aka dawo da zanen daidai.

Inda lissafin maƙeri ke dawowa shi ne wurin maimaici. Injin European XFEL, mai tsawon kilomita 3.4 da aka buɗe a 2017, an tsara shi ya harba walƙiya 27,000 a daƙiƙa, cikin jeri mai tazarar nanosakan 220. A irin wannan tazara zafi yana taruwa a madubin da ke juya hasken ya lanƙwasa shi. Shi ya sa ake kwantar da madubin haske ya goge shi a kaikaice, a shafa masa abu mai atom marasa nauyi irin su boron kabayid, a kuma sanyaya shi.